Daga jaki zuwa A Daidaita Sahu: tarihin abin hawa a birnin Kano

Hutun manomi rani ne. In an yanke hatsi, an ɗaure, an zuba a rumbu, sai ƙafa ta fara ƙaiƙayi. Kowace shekara mutanen Madawa, Buza da Keita suna kama hanya. Wasu ci-rani za su. Wasu kuwa ziyara ce kawai: ganin ɗan'uwa da ya daɗe a waje, sayen kayan auren ɗiya, kai tsoho wurin likitan ido, ko kallon hawan salla. Da yawa cikinsu Kano suke nufa.

Hanyar sananniya ce. Mota ta ɗauke ka daga Madawa zuwa Maraɗi. Daga nan sai Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, sai Kano. Wannan duk da sauƙi, gama direba ya san hanya, kai naka zama ne. Wuya tana farawa sa'ad da aka sauke ka a tasha, ka ɗauki jakarka, ka duba gabas da yamma ba ka ga ƙarshen gari ba. Nan ne za ka tuna da maganar mutanen da: baƙo makaho ne ko da idonsa.

Kafin ka tashi daga gida za ka sha shawara. Kakanka da ya je a 1965 zai ce ka hau keke ko ka taka da ƙafa. Baffanka da ya je a 1980 zai ce ka shiga kiya-kiya. Wanka da ya je a 2005 zai ce ka tsai da ɗan acaɓa. Ba wanda ya yi maka ƙarya. Kowa ya faɗi Kanon da ya gani. Abin hawa a birnin nan ya sake sau da yawa, kuma kowace sakewa da dalilinta. Amma akwai abin da bai sake ba, shi ne sunayen wurare. Ƴan'uwa, ku biyo mu ku ji yadda aka yi.

Zamanin ƙafa da jaki

Kano ta dā gari ce cikin ganuwa. Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar wajen shekara ta 1100. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya ƙara mata faɗi. Shi ne kuma ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da ake zaune ciki har yau.

Ganuwar tana da ƙofofi, kowace da sunanta da mai tsaronta, wanda ake kira sarkin ƙofa. Ta wajen arewa, inda mutanenmu ke fitowa, akwai Ƙofar Mazugal, Ƙofar Ruwa da Ƙofar Dawanau. Ta gabas akwai Ƙofar Wambai, Ƙofar Mata da Ƙofar Nassarawa. Ta yamma akwai Ƙofar Kabuga. In dare ya yi a rufe su. Matafiyin da ya makara, a waje zai kwana.

Ayarin raƙuma da ya taso daga Abzin ko daga ƙasashenmu da gishiri da bisashe, a Fagge yake ya da zango, bayan ganuwa. Baƙo ba ya shiga gari haka nan da ka. Yana da mai masauki, wato fatoma. Shi ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma ba shi yaro ya nuna masa hanyar kasuwa. Doki na sarakuna ne da attajirai. Jaki na kaya ne. Sauran jama'a ƙafa ce motarsu.

Ƙafar kuwa ta isa, gama garin ba shi da girman da ya fi ƙarfinta. Wani Bajamushe mai yawon duniya, ana ce da shi Barth, ya zo Kano a 1851. Ya hau dutsen Dala ya duba garin. Ya ƙiyasta mazauna cikinsa sun kai 30,000, ya ce da rani, in fatake sun taru, sai su kai 60,000. Ku duba: garin Tawa na yau ya fi Kano ta wancan zamani yawan jama'a. Har gonaki akwai cikin ganuwa. Lungunan da aka fitar a lokacin, daidai faɗin jaki da kayansa aka yi su. Suna nan har yanzu cikin birni, kuma za mu sake komowa kansu.

Jirgin ƙasa ya ja gari waje

A watan Fabrairu na 1903 Turawan Ingila suka ci Kano. Ba su zauna cikin ganuwa ba. Suka gina gidajensu da ofisoshinsu a waje, wajen Nassarawa da Bompai. Tsakanin 1906 da 1908 su da Faransawa suka kafa duwatsun iyaka. Daga nan mutumin Adar da Gobir ya zama baƙon wata ƙasa in ya je Kano.

Babban abin da ya sake kamannin garin shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Tashar ma a bayan ganuwa aka yi ta, ta gabas. Nan da nan cinikin gyaɗa ya tashi. Kamfanonin Turawa suka gina kantuna da ɗakunan ajiya kusa da tasha. Kwarori, wato ƴan kasuwa daga Lebanan da Siriya, suka zauna a wurin da ya zama Kantin Kwari. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da ƴan kasuwa da suka zo daga kudu. Daga baya Tudun Wada da Gwagwarwa suka cika da ƴan ci-rani. A watan Nuwamba na 1925 jirgin sama ya sauka Kano karo na farko.

Ke nan gari ɗaya ya rabu uku: ga Birni, ga Waje, ga unguwar Turawa. Mutum yana kwana a nan, aikinsa yana can. Tafiyar da a dā ake yi kafin a gama tauna goro ɗaya, ta koma tafiyar awa guda.

Abubuwa biyu suka ɗauki nauyin wannan nisa. Na farko keke. Malamin ofis da ɗan kasuwa kowa burinsa ya sayi dokin ƙarfe. Wanda ba shi da hali sai ya je wurin mai hayar keke, ya biya kuɗin awa. Keke ya karɓu ƙwarai, har daga baya kamfanin Raleigh ya buɗe masana'anta a Kano. Na biyu kura da amalanke, waɗanda ƙarti ke turawa, suna kai buhunan gyaɗa bakin tasha, inda ake jera su su zama dala. Gyaɗar ƙasarmu ma ta nan take bi zuwa bakin teku. Masu turin kura da ƴan dako kuwa, da yawa cikinsu ƴan ci-rani ne irin namu.

A ƙidayar 1952 mutanen Kano sun kai wajen 130,000. A ta 1963 sun kusa 300,000. Keke ya fara gazawa.

Taksi da kiya-kiya

Nijeriya da Nijar duk sun samu mulkin kai a 1960. A 1967 aka yi jihar Kano, Audu Bako ya zama gwamnanta na farko, ya riƙe ta har 1975. A zamaninsa aka shimfiɗa tituna masu faɗi, aka gina gidan namun daji da ake kira Gidan Zu, aka yi madatsar ruwa ta Tiga. Masana'antu suka yawaita a Bompai da Sharaɗa. Daga 1973 kuɗin man fetur ya malalo Nijeriya. A daidai wannan lokaci fari ya ci ƙasarmu. Ba mu manta da 1973 da 1974 ba. Mutanenmu da yawa a shekarun nan suka fara sanin Kano.

Abubuwa biyu suka faru da suka shafi baƙo kai tsaye. Tun zamanin Ingilishi motocin Nijeriya hannun hagu suke bi, mu kuwa hannun dama. Direban da ya fito daga Maraɗi sai ya sake hannu a bakin iyaka. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma hannun dama kamar maƙwabtanta. Ran 1 ga Janairu 1973 kuma aka bar fam da sule, aka kama naira da kwabo.

Da kuɗi ya samu, mota ta yawaita. A 1975 ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashin da aka sani da sunan Udoji, kowa ya ruga sayen babur ko mota. A shekarar nan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Taksi, wanda Kanawa ke kira tasi, ya cika gari. Amma motar talaka ita ce ƙaramar bas da ake kira kiya-kiya. Kalmar ta Yarbanci ce, ma'anarta maza-maza. Daga baya aka samu wadda ake kira Hayis, daga sunan motar Toyota.

Ku lura da yadda motocin nan ke aiki, gama a nan sirrin Kano yake. Ba su da lamba mai nuna hanyar da suke bi. Ba tikiti. Ba lokacin tashi. Yaron mota, wanda can suke kira kwandasta, yana leƙowa ta ƙofa yana kiran sunan inda za su: Bata! Kabuga! Kurna! Birget! Ƴan Kura! Hotoro! Wanda ya san suna ya shiga. Wanda bai sani ba ya tsaya yana kallo.

Sunayen nan kuwa tarihi ne. Bata sunan wani kamfanin takalma ne da ya yi kanti a bakin Sabon Gari. Mahaɗar titunan ta gaji sunan, ta riƙe shi har yau. Kasuwar Singa, inda ake sarin sukari, sabulu da taliya, ta samo sunanta daga kantin keken ɗinki na Singer. Ganuwa ta zube a wurare da yawa, an yi gidaje bisa gurbinta, amma Ƙofar Ruwa tana nan Ƙofar Ruwa, Kabuga tana nan Kabuga. Har motocin ma sunansu labari ne. Ƙaramar motar ɗaukar kaya da ta ƙwace wa masu turi aiki, Kanawa suka sa mata suna a-kori-kura.

Zamanin acaɓa

Daɗi bai ɗore ba. Farashin man fetur ya faɗi a duniya. A 1983 gwamnatin Nijeriya ta kori baƙi marasa takardu, namu na ciki. A 1984 aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986. A 1986 ɗin gwamnatin Babangida ta karya darajar naira. Sabuwar mota ta gagari mai haya. Taya da kayan gyara suka yi tsada. Masana'antu suka fara rage ma'aikata. A 1988 gwamnatin tarayya ta fito da shirin sayen manyan motocin bas domin jama'a, amma ba su wadatar ba.

Gari kuwa bai bar girma ba. Unguwanni irin su Kurna, Rijiyar Lemo da Ɗorayi suka cika maƙil. Yawancin gidajen an gina su tun ba a fitar da titi ba. Bas iyakarta bakin kwalta. Daga nan zuwa ƙofar gida da sauran tafiya.

Babur ne ya toshe wannan giɓi. Ma'aikacin da albashi bai ishe shi ba, in ya tashi aiki sai ya ɗauki fasinja bisa baburinsa. Wanda aka sallama daga masana'anta ya mai da abin sana'a. Haka acaɓa ta samo asali, abin da mu muke kira kabu-kabu. Wajen shekara ta 2000 babura masu araha suka shigo daga ƙasar Sin, irin su Jincheng, wanda aka laƙaba wa roba-roba. Samari daga ƙauyuka, da namu ɗiyan na Adar, suka kwararo cikin sana'ar.

Ga baƙo, ba a taɓa yin abin hawa mai sauƙi kamar acaɓa ba. Ba sai ka san hanya ba. Ka faɗi sunan unguwa kawai, ya ratsa da kai lungun da aka fitar domin jaki, ya sauke ka a ƙofar gida. Amma sauƙin da tsadarsa. Yawancin masu tuƙin ba wanda ya koya musu dokar hanya. Hayaƙi ya rufe gari da maraice. Asibitin ƙashi na Dala ya sha karɓar masu karaya. Ran 1 ga Janairu 2009 aka tilasta sa hular kwano. Wasu ƴan acaɓa a Kano suka kifa ƙwarya a kai suka fito, labarin ya zaga duniya. Abin da dariya, amma bayansa akwai gidajen da suka rasa mai ciyar da su.

A Daidaita Sahu

Akwai wata matsala kuma. A shekara ta 2000 jihar Kano ta kama aiki da shari'ar Musulunci. Malamai da magidanta ba su ji daɗin ganin mace bayan namijin da ba muharraminta ba bisa babur. Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya yi gwamna daga 2003 zuwa 2011, ya kafa wani shirin gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu. Maganar liman ce, wadda yake faɗi kafin a ta da salla. A 2005 aka hana ƴan acaɓa ɗaukar mata, aka sa ƴan Hisba su tsare dokar. Domin kada mata su rasa abin hawa, gwamnati ta kawo babura masu ƙafa uku, irin na ƙasar Indiya, masu rumfa da labule. Jama'a suka ɗauki sunan shirin suka ba abin hawan. A Legas ana kiransa Keke Marwa, wasu wurare Keke NAPEP. A Kano kuwa A Daidaita Sahu ne.

Shekaru bakwai acaɓa da A Daidaita Sahu suna tafiya tare. Tashin hankali ne ya raba su. Ran 20 ga Janairu 2012 ƴan Boko Haram suka kai wa Kano hari, mutane fiye da 180 suka rasu a yini ɗaya. Bayan haka aka yi ta harbin mutane daga bisa babur. Ran 19 ga Janairu 2013 aka buɗe wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero wuta. Allah ya tsirar da shi, amma wasu cikin mutanensa suka rasa rayukansu. Ƴan kwanaki bayan haka gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo bisa babur a cikin birni.

Dare ɗaya dubban samari suka rasa abin yi. Wasu suka koma gida da baburansu. Wasu suka tafi garuruwan da ba a hana ba. Waɗanda suka zauna suka koma A Daidaita Sahu. Mai kuɗi ya saya ya ba direba, direba yana biya kullum ko mako-mako har ya gama, abin ya zama nasa. Cikin ƴan shekaru titunan Kano suka koma ruwan ɗorawa, gama launinsu ke nan. Taksi ya ja baya, Hayis ta ragu. Abin da aka kawo domin mata ya zama motar kowa.

Gwamnati ta kafa hukumar kula da tituna mai suna KAROTA. Aka gina gadojin sama a Ƙofar Nassarawa, Gidan Murtala da Sabon Gari, da hanyoyi ta ƙarƙashin ƙasa a Kabuga da Ƙofar Ruwa. Duk da haka cunkoso bai ƙare ba. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi 8 da suka haɗu suka yi birnin sun kusa mutum miliyan 3, kuma tun daga nan ƙaruwa ake yi.

An ga ƙarfin masu A Daidaita Sahu sau biyu. A Fabrairu 2021 suka yi yajin aiki saboda harajin naira 100 na kullum. A Janairu 2022 suka sake yi saboda kuɗin sabunta takarda. Duk sau biyun ɗalibai, ma'aikata da ƴan kasuwa da ƙafa suka tafi, kamar zamanin Barth, amma cikin garin da ya ninka na Barth kusan sau ɗari. A Yuli 2022 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, saboda ɓarayi da ke fakewa da sana'ar. Ran 29 ga Mayu 2023 shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Kuɗin mota ya bi ta.

Sunan bai tsaya Kano ba. Ya ƙetare iyaka ba tare da takarda ba. A Maraɗi, Damagaram da Tawa, in ka ce adaidaita, yaro ma ya san abin da kake nufi.

Abin da baƙo zai ɗauka cikin wannan tarihi

Na farko, ka riƙe suna. Tun kana gida ka sa a faɗa maka sunan unguwar da za ka sauka, da ƙofa ko kasuwa ko mahaɗar da ta fi kusa da ita, da masallacin da ke wurin. Ka rubuta a takarda da hannunka, tare da lambar wayar mai masaukinka. Waya tana mutuwa, ana sace ta, takarda kuwa tana nan cikin aljihu. Fatoma na dā ya wuce, amma aikinsa bai wuce ba: kowane baƙo yana bukatar wanda zai tarye shi.

Na biyu, ka san hawa iri biyu ne. Akwai na haɗaka: A Daidaita Sahu tana bin babban titi, tana ɗaukar wannan tana sauke wancan, kowa ya biya nasa kaɗan. Akwai kuma shata: ka ɗauke ta kai kaɗai ko da iyalinka, ta kai ku har ƙofa, ka biya da yawa. Ka faɗi wanda kake so, ku yi ciniki ku gama tun ba ka ɗora ƙafa ba. Wanda ya bar ciniki sai an iso, ya ba da wuyansa.

Na uku, kada ka yi lissafi da kuɗin da aka ba ka labari. A 1980 naira ɗaya a banki ta fi dala 70 na kuɗinmu. A 2024 jika ɗaya tamu ta fi naira 2,000. Ka tambayi mai masaukinka nawa ake biya yau daga nan zuwa can, ka kuma riƙe canji ƙanana.

Na huɗu, in kallo ya kawo ka, ka tuna birni biyu ne cikin ɗaya. Waje na mota ne. Kasuwar hatsi ta Dawanau tana bisa hanyar Katsina, za ka wuce ta tun ba ka shiga gari ba. Kasuwar Ƴan Kaba, inda ake sauke albasa da tumatir, tana hanyar Haɗeja. Tashar Unguwa Uku tana hanyar Zariya. Gidan Zu yana kudu. Asibitin ido na Mishan yana wajen Sabon Gari. Duk waɗannan sai da abin hawa. Cikin ganuwa kuwa har gobe ƙafa ta fi. A sauke ka a Ƙofar Mata ka ga marina, inda ake rini da baba cikin karofi. Daga nan ka taka zuwa Kurmi, ka ga sirdi, linzami da fatu. Ka zarce gidan sarki da babban masallaci, ka shiga Gidan Makama inda aka tara kayan tarihi. In da sauran ƙarfi, ka hau Dala ka ga garin duka a ƙarƙashinka.

Na biyar, ka san rana da lokaci. Ran Juma'a da azahar hanyoyin masallatai suna toshewa. Kwanakin salla kuma, in za a yi Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa, dawakai ne ke da hanya. A ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Amma a babbar sallar 2024, da sallolin 2025, ba a yi hawan ba saboda rikicin sarauta. Saboda haka ka bincika kafin ka kashe kuɗin mota. Da dare kuwa ka zauna masauki. Kada ka riƙe waya a hannu cikin A Daidaita Sahu, gama ƙwacen waya ya yi yawa. Mace ta fi samun kwanciyar rai in ta shiga wadda ke da mata ciki.

Na shida, iyaka ba kullum take buɗe ba. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. A Janairu 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO. Ka tafi da katinka na ɗan ƙasa, ka tambayi hukuma sauran takardun da ake biɗa, ka tambayi direbobi lafiyar hanya.

Tarihin bai ƙare ba. A Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Jirgin ƙasa ne ya fitar da Kano daga ganuwa a 1912. In wannan ya kammala, mutumin Madawa zai hau mota zuwa Maraɗi, ya shiga jirgi ya sauka Kano. Ranar nan ko A Daidaita Sahu tana nan, ko wani abu ya kore ta yadda ta gaji acaɓa, Allah ne masani. Amma wanda zai ɗauke shi a bakin tasha tambaya ɗaya zai yi masa: Malam, ina za ka? In ya ce Kurmi, ko Kwari, ko Ƙofar Ruwa, za a kai shi.

Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya maido su gida kafin ruwan shuka.